Cizon da Babu Wanda Ya Gani

A tsakiyar hunturu, a wani ƙauye da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa a arewacin Jihar Kano, wani yaro ɗan shekara 9 ya kwanta rashin lafiya. Da fari ba a ɗauki abin da zafi ba. Zazzaɓi ne da ciwon kai, irin wanda ake sayo wa magani a kemis a ce gobe zai miƙe. Abu ɗaya ne ya bambanta: yana yawan sosa bayan kunnensa na hagu, yana cewa wurin na yi masa ƙaiƙayi da zugi. Aka duba, ba a ga komai ba sai wani ɗan tabo da babu wanda ya kula da shi.

A rana ta uku mahaifiyarsa ta miƙa masa moɗa. Ƙishirwa na cin sa, ya sa hannu biyu ya karɓa, amma ruwan na dosar bakinsa sai maƙogwaronsa ya shaƙe, jikinsa ya ɗauki karkarwa, moɗar ta faɗi. Aka gwada da cokali, haka. Da aka ɗaga labulen ɗaki iska ta shigo, ya zabura yana roƙon a rufe. Tsakanin wannan firgita da waccan kuwa hankalinsa garau yake, yana gane kowa, yana kiran kowa da sunansa.

Nan take magana ta rabu. Wasu suka ce gamo ya yi a gindin tsamiya, wasu suka ce jifa ne. Aka kawo rubutu, ya kasa sha. Washegari aka ɗauke shi a mota zuwa babban asibiti. Likita bai daɗe yana dubawa ba. Ya ɗauki guntun kwali ya fifita a gaban fuskar yaron, ya ga yadda wuyansa ya ɗaure, sai ya ja mahaifin gefe.

"Malam, kare ya taɓa cizon yaron nan?"

"Likita, gidana ba a kiwon kare. Tun zamanin mahaifinmu kare bai taɓa kwana a gidan nan ba."

"Ko mage? Ko yakushi?"

"Babu ko ɗaya."

Bayan kwana biyu yaron ya cika. Allah Ya sa mai ceto ne.

Likita ya rubuta cewa ciwon haukan kare ne, bai kuwa yi shakka ba, domin tsoron ruwa haɗe da tsoron iska a jikin mai hankalinsa alama ce da da wuya a gan ta a wani ciwo. Mahaifin shi ma ya tsaya a kan bakansa, kuma duk unguwar shaida ce cewa gaskiya yake faɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 99 cikin 100 na mutanen da wannan ciwo ke kamawa daga kare suke samunsa. To wane kare? Yaushe? A ina?

Ba don neman mai laifi ake tambayar ba. Bakin da ya ciji mutum ɗaya ba shi da wuyar cizon na biyu, kuma in akwai na biyun, yana nan yana harkokinsa lafiya ƙalau, bai san kwanaki na ƙure masa ba. Shi ya sa tun ba a tashi daga zaman makoki ba, malamin dabbobi na yankin, wani dattijo mai yawo a kan babur, ya iso ƙauyen. Ina cikin masu karɓar gaisuwa, domin mamacin ɗanmu ne, saboda haka abin da ya biyo baya a gabana aka yi shi.

Turken da ba shi da dabba

Bayan ya yi ta'aziyya ya nemi wurin alwala, aka kai shi bayan gida. A can ya ga turke da igiya a yashe, ga taki bai gama bushewa ba, ga harawa a kan rumfa, amma babu dabba. Da ya dawo ya tambayi maigidan.

"San huɗarmu ne. Mako uku ke nan muka yanka shi."

"Me ya same shi?"

Maigidan ya ce san ya fara ne da ƙin cin harawa. Sai yawu ya dinga dalala daga bakinsa, yana wani irin kuka a shaƙe dare da rana, yana yunƙuri ba ya fitar da komai. Suka ɗauka guntun kara ko leda ce ta maƙale masa. Shi da kansa ya naɗe hannun riga, ya buɗe bakin san, ya zura hannu har maƙogwaro yana lalube, bai sami komai ba. Da ƙafafun baya suka mutu, aka kira mahauci da gaggawa kafin ya zama mushe, aka yi watanda.

Malamin dabbobi ya daɗe yana kallon hannuwan mutumin, amma bai ce komai a kansu ba tukuna. Ya bayyana mana cewa haka ciwon haukan kare ya fi zuwa wa shanu da awaki da jakuna. Ba lallai su yi faɗa ba. Maƙogwaro ne ke mutuwa, dabba ta kasa haɗiye yawunta, mai ita ya zaci wani abu ne ya tsaya mata a wuya.

Wani daga cikinmu ya ce to ai an gano bakin zaren, naman san yaron ya ci. Dattijon ya girgiza kai. Wuta na kashe ƙwayar wannan cuta, kuma rabin unguwar sun ci naman nan. Haɗarin yana wurin mai taɓa yawu da mai fiɗa, yaron kuwa yana makarantar allo aka yi yankan, bai ko leƙa ba. Sa kuma ba ya ƙirƙirar ciwon a cikinsa, sai wani abu ya cije shi. Saboda haka san ba shi ne mai laifi ba, shaida ne. Ya nuna cewa wata dabba mai ciwon ta ratsa ƙauyen makonni kafin ya kwanta.

Maigidan ya yi shiru yana lissafi. Can sai ya tuna cewa da kaka, bayan an yanke dawa, sun ɗaure san a gona yana cin ganyen kara, wata yamma suka tarar da ɗan rauni a leɓensa. Sun ɗauka ƙaya ce.

Baƙon da ya biyo burtali

Daga nan muka wuce ƙofar gidan mai unguwa, aka kira samari. Tambaya ɗaya aka yi musu: da kaka, an ga wani baƙon kare? Suka kalli juna. An gani. Ana cikin ɗaurin dawa wani jan kare ya biyo burtali, ba ya haushi, ba ya gudun mutane, yana tangaɗi yana cizon kara da ƙasa. Suka bi shi da sanduna suka kashe, suka jefa shi a wani rami. Ba su gaya wa mai unguwa ba, balle dagaci, domin a ganinsu sun riga sun yi maganin abin.

Wanda ya san wannan yanki ya san abin da ya sa irin wannan baƙo ke da haɗari a cikinsa. Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano tana cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekaru tun daga wajejen 1960 yana nazarin yadda ake noma gona ɗaya kowace damina ba hutu, da ƙarfin takin dabbobin gida. Gona na manne da gona, unguwa na hango unguwa, kusan kowane gida da turkensa. Babu dajin da zai raba gari da gari. Karen da ciwo ya juya wa kai yakan bar gida ya yi ta tafiya ba ya tsayawa, kuma a irin wannan ƙasa yana iya ratsa unguwanni da dama tsakanin hantsi da la'asar, ko'ina kuwa akwai yara da dabbobi a fili.

Dattijon ya ce da an ba da labari a ranar, da ma'aikata sun zo sun cire kan karen da safar hannu, sun sa shi a ƙanƙara. Ana gwada ƙwaƙwalwar irin waɗannan dabbobi a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, da kuma sashen likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Da sakamako ya fito, da an bi gida-gida tun a lokacin.

Ga wanda ya ciji san ya bayyana. Amma samarin sun rantse cewa karen bai ciji mutum ko ɗaya ba, kuma yaron ba ya wurin. Zare ya sake tsinkewa.

"To ban da sa, me kuma ya ciza?"

Wani ya ce kafin su cim masa, sun ji karnuka na faɗa a wajen gidan maharbin da ke bakin gari. Muka je. Maharbin ya ce haka ne, karyarsa tana jego a lokacin, ta fito ta tare baƙon don kare 'ya'yanta, har ya yage mata kunne. Bayan kamar wata guda ta mutu.

"Amma fa ba hauka ta yi ba, Malam. Ko kaza ba ta kora ba. Haɓarta ce ta saki, baki a buɗe, ta lafe a gindin darni. Na ɗauka guba aka ba ta, har na ɗura mata manja."

Dattijon ya ce wannan ita ce fuska ta biyu ta ciwon, kuma ta fi yaudara. Akwai mai zuwa da faɗa da cizo, wanda kowa ya sani. Akwai kuma mai zuwa da shanyewar jiki, kare ya yi laushi ya ba da tausayi, mai shi ya matso ya buɗe masa baki. Yawun duka biyun ɗaya ne.

"'Ya'yanta fa?"

"Sun bi ta ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya dai tun tana da rai ya ɓace, ban san inda ya shiga ba."

Abin da yara suka sani

A hanyar komawa malamin dabbobi ya ce kada kowa ya tambayi yara komai a gaban iyayensu maza. Ya yi sallama a sashen kakar mamacin, ya durƙusa ya gaishe ta.

"Iya, ki tara mini jikokinki da abokan marigayi. Amma sai kin ba su tabbaci da bakinki cewa duk abin da suka faɗa, babu mai taɓa su."

Tsohuwa ta tara su a kan tabarma, ta raba musu gyaɗa, ta yi musu alkawari. Aka yi shiru. Sai ƙanwar mamacin, 'yar shekara 7, ta fashe da kuka.

Su ne suka ɗauko kwikwiyon. Sun san Baba ba zai yarda ba, sai suka yi masa ɗaki a cikin tarin karan da aka jingina bayan rumbu. Suna kai masa ragowar tuwo da koko a murfin kwano. Yana wasa da su lafiya, sai wata rana ya canza, yana cizon igiya, yana cizon kara, yana cizon duk abin da ya gifta. Yayanta ya ɗauke shi ya ɗora a kafaɗa don ya rarrashe shi, shi kuwa ya kafa masa haƙori a bayan kunne. Jinin bai fi ɗigo biyu ba. Ya shafa ƙasa a wurin, ya ja hular sanyi ya rufe. Bayan kwana uku kwikwiyon ya mutu, suka binne shi a gona, suka yi wa juna alkawarin ba za su faɗa ba. Cizon ya faru ne makonni shida kafin yayanta ya kwanta.

Da labarin ya kai ga mahaifin, ya daɗe kansa a sunkuye. Abin da ya faɗa a ƙarshe shi ne ya fi tsaya mini a rai: "Wallahi da ya gaya mini a ranar, dukansa zan yi. Ya san haka, shi ya sa bai faɗa ba."

Ba gidansa kaɗai ke da wannan hali ba. Ana ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin kowane 10 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Yara ne ke wasa da kwikwiyo. Su ne gajeru, cizo ya fi samunsu a fuska da wuya. Su ne kuma ke ɓoye rauni don tsoron bulala.

Me ya sa sai bayan makonni shida?

Wani mutum daga cikinmu ya kawo shakkar da ke zukatan mutane da yawa. Ya ce in dafin maciji ne, a ranar ake gani. Yaya ciwon da ya warke tun tuni zai dawo ya kashe mutum bayan wata ɗaya da rabi?

Amsar tana cikin hanyar da ƙwayar cutar ke bi. Ba ta bin jini. Tana shiga da yawu, ta zauna a naman wurin cizon na wani lokaci, sannan ta kama jijiyar da ke kai saƙo, ta bi cikinta sannu a hankali zuwa laka da ƙwaƙwalwa, kamar yadda gara ke cin azara ta ciki, waje na nan sumul har ranar da rufi zai rufta. Fata ta warke, mutum na ci yana sha. Galibi tafiyar kan ɗauki wata biyu zuwa uku, amma takan yi gajarta har mako guda, takan kuma yi tsawo har shekara. Gwargwadon kusancin cizon da kai, gwargwadon saurin isarta. Na yaronmu a bayan kunne yake. Ƙaiƙayin da ya dinga ji a wurin tabon shi ne alamar farko cewa ta isa. Daga lokacin da alamu suka bayyana kuwa, kusan babu mai tashi, ko a asibitocin Turai da Amurka.

Sai dai wannan jinkirin shi ne rahamar da ke cikin lamarin. A cikin cututtuka, da wuya a sami wadda ake yi wa rigakafi bayan ta riga ta shiga jiki kuma a tsira, amma wannan tana cikinsu. A ranar 6 ga Yuli 1885, a birnin Paris na Faransa, aka kai wa masani Louis Pasteur wani yaro mai suna Joseph Meister, shi ma ɗan shekara 9, wanda mahaukacin kare ya yi wa kaca-kaca. Aka yi masa allurai 13, ya rayu har ya manyanta. Allurar tana koya wa jiki yaƙar ƙwayar tun tana hanya, kafin ta kai ƙwaƙwalwa. Yaronmu ya yi makonni shida ƙofar nan na buɗe, babu babba ko ɗaya da ya sani.

Yarinyar da ba ta kwanta ba

Malamin dabbobi ya koma wurin ƙanwar, ya ce ta nuna masa hannuwanta. A gefen ɗan yatsanta akwai tabo. Ta ce a ranar da kwikwiyon ya ciji yayanta, ita ma ya kama ta da ta kai hannu za ta janye shi. Kare ɗaya, rana ɗaya: ɗaya yana kabari, ɗaya tana zaune tana cin gyaɗa. Me ya raba su?

Kakar ce ta warware wannan. Ta tuna ranar da yarinyar ta shigo da jini a yatsa ta ce ƙaya ce. Ranar wanki ce, ga baho cike da kumfa. Ta kama hannun ta cuɗe shi da sabulu, yarinya na kuka, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa, sannan ta ce ta zauna ta taya ta wanke ƙananan kaya. Hannun ya daɗe a cikin ruwan sabulu.

Tsohuwar ba ta sani ba, amma ta yi abin da likitocin duniya suka sa a gaba da komai. Ƙwayar cutar tana lulluɓe da wani ɓawo mai maiƙo, sabulu kuwa yana narkar da shi, ruwa ya tafi da yawun. Shi ya sa ake cewa a wanke wurin cizo ko yakushi nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana kwarara ana cuɗawa, har tsawon minti 15. In akwai aidin a shafa. Ba a zuba barkono, ko toka, ko ƙasa, ko ruwan batir. Ba a ƙona gashin karen a cusa. Ba a ɗaure wurin tamau.

Mata suka fara hamdala, sai malamin dabbobi ya ɗaga hannu. Ya ce wanki yana rage haɗari ƙwarai, amma ba ya ba da tabbaci. Yatsa ya fi kunne nisa da ƙwaƙwalwa, mai yiwuwa ne ƙwayar na kan hanya har yanzu. Muddin alamu ba su bayyana ba, ba a makara ba, ko an yi watanni. Yarinyar nan allura za a fara mata yau.

Sauran waɗanda ke cikin layi

Sai a lokacin ya juya ga mahaifin. "Malam, buɗe hannunka." Hannun manomi ne a cikin hunturu, duk faso da yankan ganyen kara. Da wannan hannun ya laluba maƙogwaron sa. Cutar ba ta ratsa lafiyayyar fata, amma tana shiga ta tsaga, ta ido, ta baki. Jikin kowa ya yi sanyi.

Aka ɗauko takarda aka fara rubutawa: yarinyar, mahaifin, mahauci da yaronsa da suka yi fiɗa, maharbin da ya ɗura wa karyarsa manja, da wani yaro da ya ce kwikwiyon ya lashe masa gyambo. Waɗanda suka ci dafaffen nama kawai, aka ce su kwantar da hankalinsu. Mahaifiyar da ta yi jinya tana goge yawun ɗanta, aka ce likita ne zai duba hannunta ya yanke hukunci, kuma juna biyun da take da shi ba ya hana allurar, ko jariri ma ana yi masa.

Maharbin ya fara ja da baya, domin ya taɓa jin labarin allurar cibiya. Gaskiya ne a da akwai wadda ake yi a fatar ciki kullum har mako biyu ko fiye, mai zafi. An daina ta. Ta yanzu a dantse ake yi: ranar farko, rana ta 3, rana ta 7, da ta ƙarshe tsakanin rana ta 14 da ta 28. Akwai ma tsarin da ake yi a cikin fata wanda ake kammalawa a mako guda. In rauni ya huda fata sosai, musamman a kai ko wuya ko hannu, akan ƙara da wani ruwan magani da ake zubawa a cikin raunin kansa, ya tare ƙwayar kafin allurar ta fara aiki.

Wahalar da ta rage ta kuɗi ce da nisa. Allurar sai a firji take zama, ba a kowane ƙaramin asibiti ake samunta ba, kuma tsadarta ta fi ƙarfin talaka in mutum shida ne a lokaci ɗaya. Aka sayar da akuya biyu a kasuwar Dambatta, aka yi karo-karo a masallaci, aka samo ta daga cikin birni a kula mai ƙanƙara. Liman ya tsaya a kan cewa addu'a da neman magani ba sa karo da juna. Kowa ya kammala allurarsa. Damina ta zo ta wuce, wani hunturun ya zagayo, babu wanda ya kwanta a cikinsu.

Tambayar mai unguwa

Kafin malamin dabbobi ya hau babur, mai unguwa ya yi tambayar ƙarshe: a sa samari su kashe duk karnukan garin?

"Ranka ya daɗe, da hakan na magani da tuni an gama da ciwon nan."

An san wannan cuta a rubuce a Najeriya tun 1912, an kuwa sha kashe karnuka, ba ta tafi ba. In aka kashe na gari, masu su kan ɓoye wasu ko su kai su maƙwabta, sannan baƙin karnuka su shigo su maye gurbi a bola da mayanka. Ga shi kuma maharbi da makiyayi da mai gadin gona suna da buƙatar karensu, shari'a ma ta yarda musu. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne allurar karnuka. In aka yi wa 70 cikin 100 na karnukan wani yanki, cutar kan rasa inda za ta tsallaka, ta mutu da kanta. An gwada a Njamena, babban birnin Chadi, a 2012 da 2013, aka kai wannan adadi, yaɗuwarta a birnin ta tsaya har sai da aka sake shigo da ita daga waje. Ƙasar Meziko ta dage da haka shekara da shekaru, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ta rabu da mutuwar mutane ta hanyar cizon kare. Burin da hukumomin duniya suka sa shi ne a kai ga haka ko'ina nan da 2030, kuma kowace 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya rasu, ana tunatar da jama'a.

A matakin gida abin ba shi da wuya. Kwikwiyo ya kai wata uku a yi masa allura, a kuma sabunta kowace shekara, a ajiye takardar. Karen gida da ya ciji mutum alhali da alamar lafiya, kada a kashe shi, a ɗaure shi a ba shi abinci a sa masa ido kwana 10. In da cutar a yawunsa ranar cizon, zai kwanta ko ya mutu a cikin kwanakin nan. Amma wanda aka ciza ba ya zaman jiran sakamako, asibiti zai tafi a ranar. Dabbar da ke dalalar da yawu ta kasa haɗiya, kada a sa mata hannu a baki, kada a yanka ta, a kira malamin dabbobi. Baƙon kare mai tangaɗi, ko an kashe shi, a sanar da mai unguwa.

Da aka jera abin daga farko, sai ga shi a fili: baƙon kare ya ciji sa da karya, cutar ta kai ga kwikwiyo, kwikwiyo ya ciji yara biyu. A kowace gaɓa akwai wanda ya ga wani abu: samari sun ga kare, maharbi ya ga karyarsa, maigida ya ga sansa, yara sun ga jini. Babu wanda ya kai wa wani labari. Ba gamo ba ne, ba jifa ba ne. Shiru ne ya ba cutar hanya.

Saboda haka ina kira ga kowane magidanci a Dambatta da Makoɗa, da Bichi da Kunci da Minjibir, da duk inda wannan rubutu ya kai: ka tara 'ya'yanka yau, ka gaya musu da bakinka cewa duk wanda kare ko mage ta ciza, ko ta yakusa, ko ta lasar masa ciwo, ya zo ya faɗa, babu duka babu faɗa, ko da shi ya tsokano ta. Uwar gida, ki ware sabulu guda saboda irin wannan rana, ki wanke wurin minti 15 kafin ki tambayi yadda aka yi. A kai shi asibiti a ranar, a kuma kammala allurar har ta ƙarshe. Mai kare ya yi wa karensa rigakafi. Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa.